Jakar goyo ta masu zamiya a ɗanyar ƙanƙara: wacce ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda zai bar hanyar zamiya da aka share ya kutsa ɗanyar dusar ƙanƙara a duwatsun Chamonix na Faransa ko Verbier na Switzerland, babban tsoronsa ita ce ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi. Shi ya sa ko kallon jakar da ba ta da balan-balan ba na yi. Da ka ja mariƙin da ke kafaɗa sai ta kumbura da iska wajen lita 150, ta taimaka ka tsaya sama-sama. Wani bincike na 2014 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 22 cikin ɗari zuwa 11 ga waɗanda tasu ta kumbura.

Ni dai mai tsarin Alpride E2 nake so, irin jakar Scott Patrol. Fanka ce ke hura ta, kuma ma'ajiyar wutarta ba batirin litiyam ba ce, sanyi ba ya saurin kashe ta, ma'aikatan jirgi ma ba ruwansu da ita. Kana cajinta da USB-C ko batir AA biyu. Ka ja, ka naɗe, ka sake ja a ɗaki har hannu ya saba. Wannan ba wasa ba ne, domin a binciken nan yawancin waɗanda ba su kumbura ba, masu su ne ba su ja ba. Jaka mai cin kayan lita 30 ta isa yini, da aljihu daban na shebur da sandar laluben wanda ƙanƙara ta binne.

Kamfanin ABS ne ya fara fito da irin wannan jaka tun 1985, an gode masa. Jakar kamfanin Mammut mai kumbura da tukunyar gas ba nauyi, amma ja ɗaya sai sabon ciko, kuma a Amurka ba ka hawa jirgi da cikakkiyar tukunya. JetForce kuwa, wata mai fanka, nauyi.

Sai maganar gwanjo. Wani a intanet ya rantse min tukunyarsa cike take, sikelin kicin ya tona shi. Ka auna, ka gwada da nauyin da aka rubuta a jikinta. Ka nemi lambar EN 16716, wato shaidar ƙa'idar ingancin irin waɗannan jakunkuna a Turai. Ka sa mai sayarwa ya kumbura jakar a gabanka, ka duba ɗinki da zif, ka tabbata bai yanke igiyar cinya ba, don in babu ita ƙanƙara za ta fizge jakar ta kanka. In ya ce hoto kawai zai turo, ko ya matsa maka ka biya yau-yau, riƙe kuɗinka.