Hattara da wani mai sayar da bindiga a intanet, ya cinye min kashi uku cikin huɗu na kuɗina

Wallahi har yanzu raina tafasa yake. Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma ba kuɗin kaɗai ke cin raina ba, yadda na yarda da mutumin nan ne.

Kafin wani ya ce na yi wauta, ku saurara. Ina da lasisi, takarduna cikakku ne, kuma na shafe wata biyu ina nazari tsakanin Glock 19 da Beretta 92FS, duka ƙananan bindigogi masu ɗana kansu bayan kowane harbi, duka suna cin harsashi 15 na milimita 9. Ina da yara a gida, shi ya sa maganar tsaro ta fi komai damuna. Beretta, wadda sojojin Amurka suka ɗauki irinta a 1985, tana da makullin sefti a gefe da za ka taɓa da babban yatsa, kuma harbin farko kunamarta na da nauyi. Glock 19 kuwa, da ta fito a 1988, ba ta da wannan makulli na waje, kariyarta guda uku a jikin kunama da cikin bindigar suke. Duk wannan na sani tun kafin in haɗu da shi. Ban je a makance ba.

Rabin kuɗin na tura masa kafin alƙalami. Rabi cur! Bayan kwana uku ya ce sai an biya inshorar jigila, na ƙara kwata. Rabi da kwata.

A'a, kafin nan ma akwai kiran bidiyon, kuma nan ne ya gama da ni. Ya ɗauko bindigar, bakinta na kallon ƙasa, yatsansa a miƙe nesa da kunama. Ya zare magazin, wato gidan harsashi, ya ja saman bindigar baya, ya kawo ta dab da kyamara don in ga babu harsashi a ciki. Ya ce min, "Alhaji, zare magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko, ɗaya na iya maƙale a ciki." Har ya tuna min cewa Glock sai an danna kunama kafin a kwance ta don gogewa, don haka a duba sau biyu. To don Allah wa zai ga wannan ya ce ɗan damfara ne? Kullum sai na sake ganin yatsan nan a miƙe. Shi ya sa na tura rabi. Yatsan nan.

Abin da ya kamata ya farkar da ni tun a makon farko ya faru, ko na biyu ne. Da na ce hankalina ya fi kwanciya da Beretta saboda makullin, nan take ya ce ai yana da Glock 19 mai makulli a gefe, kuma ta fi araha. Na san wadda aka saba sayarwa ba ta da shi. Na sani! Amma na ce wataƙila ya fi ni sanin harkar.

Sai da na ƙara kwatan nan na zauna na ƙura wa hotunan ido. Glock tana da lamba a jikinta, a samanta da kuma kan bututu, kuma ya kamata su zo ɗaya. A hotunansa lambobi biyu ne daban. Na tambaye shi, na kuma nemi lambar lasisinsa na dillanci, ya ce yana tuƙi. Da yamma ya toshe ni ko'ina, shafin ma ya ɓace.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na sanar da banki. Hotunan hirarmu da rasit biyu duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar mai bincike ya ba ni izini.

Kada ku tura wa kowa ko sisi kan bindigar da ba ku riƙe a hannu ba. Ku je wurin dillali mai lasisi, ku tantance lasisin a wurin hukuma da kanku. Rabi da kwata, jama'a, a cikin kwana uku.