Masu kawo saƙo a babur: sauri kam akwai, amma a hannun wa suke barin kaya?

Salamu alaikum jama'a. Yau kusan wata takwas ke nan ina aiki da wani kamfanin dilibari a nan cikin garin Katsina, irin masu babura da akwati a baya ɗin nan, su ne ke ɗauko min kaya daga tasha in an yi min webil daga Kano su kawo min har gida. Ba zan faɗi sunansu ba, dan ba ɓata masu kasuwa na zo yi ba, yara ne matasa masu neman na kansu kuma sun yi min aiki mai kyau sau da yawa. Amma abun da ya faru a gidana ranar wata Laraba ya tsaya min a rai har yanzu, shi ya sa na ce bari in rubuta ra'ayina a kansu gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin.

Mai daɗin dai ba ya da tsawo. Suna da sauri, wannan ko maƙiyinsu zai shaida. Mota ta sauke kaya da hantsi, kafin azahar sun iso wajen Ƙofar Ƙaura inda nake. Kuɗinsu bai fi ƙarfin talaka ba in ka duba yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, suna ɗaga waya, suna karɓar tiransifa ba sai ka nemo canji ba, kuma ban taɓa ganin sun buɗe min kaya ko wani abu ya yi ƙafa ba. Atamfofin maiɗakina, takalman yara na sallah, har wata ƙaramar sola da batirinta duk su suka kawo lafiya lau.

To ni ma'aikaci ne amma ina taɓa noma, ina da ƴar gona ta hanyar Batagarawa, bana wake na zuba. Duk wanda ya san wake ya san in ya fara fure ba ka yi feshi ba to ƙwari ka yi wa noma. Sai na yi odar maganin feshi kwali ɗaya daga wani shagon kayan gona a Kano ta WhatsApp, kwalba 12 lita ɗai-ɗai, ni da maƙwabcin gonata za mu raba. Na kira kamfanin na gaya masu da bakina cewa wannan karon guba ce a ciki, kada a ba kowa sai ni, in an iso a kira ni zan baro ofis. Yarinyar da ke ɗaukar waya ta ce ba komai Alhaji an rubuta.

Ba wanda ya kira ni. Ina zaune wajen ƙarfe biyu sai ga saƙo ya shigo wai an kai kaya an karɓa. Na zaci kuskure ne, na ci gaba da aiki, sai bayan la'asar na taso. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni, wanda ya taɓa feshi ya san warin nan mai hawa kai kamar kananzir ya haɗu da wani abu. Ina shiga zaure na ga kwalin a ƙasa gefen tabarmar da nake karɓar baƙi, an yage selotef ɗin sama, kusurwa ɗaya ta jiƙe ta yi baƙi, murfin kwalba ɗaya ya saki a hanya maganin ya tsiyaya har kan siminti. Ɗiyata mai shekara biyar tana tsugune da ita da yaran maƙwabta biyu, ta fiddo kwalba ɗaya ta rungume a ƙirji da hannu biyu tana ce min Baba an kawo mana lemo. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Na fizge kwalbar, na duba hatiminta bai ɓalle ba, na shinshina bakin kowane yaro ɗaya bayan ɗaya, Hajiya mahaifiyata ta fito tana salati ta ja su bakin famfo ta wanke masu hannu da sabulu har gwiwar hannu ta tuɓe masu riguna. Duk da haka sai da na kwashe su muka tai asibiti aka duba su. Allah ya tsare, ba wanda ya sha.

Washegari na je ofishinsu na ce a nuna min wanda ya sa hannu. Suka ɗauko littafin mai babur ɗin, ga sunana ga lambata, a gurbin sa hannu wani ɗan zane ne kamar tsutsa. Aka kira yaron da ya kai, saurayi ne mai ladabi ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba, ya rusuna ya gaishe ni ya ce Baba ka yi haƙuri, na yi sallama aka ce maigida ba ya nan, katina ya ƙare, saƙo sama da goma ke jirana a akwati, sai na ba wani yaro da na gani a ƙofar gida biro ya zana ya shigar da shi zaure. Na ce ka san mi ke ciki? Ya ce wallahi Baba ba a gaya min ba.

Na yarda da shi, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci, dan maganar da na yi a waya ta tsaya a teburin ofis ba ta bi kwalin ba. Ba wata alama a jikinsa daga wajensu, ba jan biro, ba komai. Atamfa da guba duk tsari ɗaya suke bi.

Kuma in za mu faɗi gaskiya akwai abun da ke cikin al'adarmu da ya sa hakan ke da sauƙin faruwa. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, zai tsaya a waje ya yi sallama, yaro ne manzo tsakaninsa da matan gida, je ka ce ana sallama, karɓi ka kai ciki. Haka muka taso kuma abu ne mai kyau. Amma ma'anarsa duk mai kawo kaya da rana tsaka lokacin da maza ke kasuwa ko ofis, hannun da zai fara miƙa wa kaya na yaro ne, ko ɗan gida ko almajirin da ke jiran sadaka. Kamfanin da ke aiki a Katsina ko Daura dole ya san da wannan ya gina tsarinsa a kai.

Da dare nake ba wani ɗan'uwana labari, yana zaune a jihar Texas ta Amurka shekaru da dama, sai ya ce ai su can abun da ake gardama a kai ya fi maganin feshi, harsasai ne. Na ce harsasai kamar yaya? Ya ce na bindiga, mutum zai shiga intanet ya yi oda kamar mai sayen takalmi, mota ta kawo ta ajiye kwalin a bakin ƙofa ta wuce, ya sha ganin na maƙwabcinsa a nan tun safe har mai shi ya dawo aiki da yamma. Ban yarda ba sai da na zauna na bi maganar da kaina.

Haka abun yake a yawancin jihohinsu. Gidan wayan gwamnati, USPS, ba ya ɗaukar harsashi sam, haramun ne a sa shi a wasiƙa ko fasel ɗinsu. Kamfanoni masu zaman kansu irin UPS da FedEx ke ɗauka, ta mota a ƙasa, a kwalin da aka manna wa wata alama mai kusurwa huɗu fari da baƙi, irin wadda ake manna wa kayan da ke da ɗan hatsari marasa yawa, wanda bai sani ba ba zai gane mi ke ciki ba. Dokar tarayyarsu ta 1968 ta sa dillali mai lasisi ba zai sayar da harsashin doguwar bindiga ga wanda bai kai 18 ba, na ƙaramar bindiga kuma sai 21, sannan wata dokar ta 1986 ta sassauta cinikin harsashi ta aike daga jiha zuwa jiha. Amma dokar tarayyar ba ta tilasta sai an sa hannu ba lokacin da aka kawo shi gida. Wannan an bar wa mai sayarwa da mai saye da kuma dokar kowace jiha. Akwai tsarin da suke kira sa hannun babba, direba ba zai saki kaya ba sai wanda ya kai shekara 21 ya fito da katin shaida ya sa hannu, amma ƙarin kuɗi ne a kan kuɗin aike, wasu shagunan sun mai da shi dole wasu kuma zaɓi ne kawai. Masu saye da yawa ba sa so, hujjarsu ita ce suna wajen aiki lokacin da mota ke zuwa, in ba a same su ba sai an maida kayan ma'ajiya su bi sahu. Masu so kuma suna kawo maganar ɓarayin bakin ƙofa da yara.

Wasu jihohin sun ƙi barin abun haka. New York ta yi doka a 2013 da ta ce cinikin harsashi sai ido da ido, a Kalifoniya kuma jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2016, daga 2018 wanda ya yi oda a intanet sai an kai shagon dillali mai lasisi ya je can ya karɓa, ko da yake an yi ta shari'a a kan dokar a kotuna. Ba haka kawai suka tashi ba. Wanda ya buɗe wuta a gidan sinima a Aurora ta jihar Kolorado a 2012 ya kashe mutum 12, dubban harsasai ya saya ta intanet. Wanda ya kashe mutum 10 a makarantar sakandaren Santa Fe a Texas a 2018 shekararsa 17, shi ma ta intanet ya samu harsashi alhali shekarunsa ba su kai ba.

Dan Allah kada wani ya juya min magana, kamfanin da nake magana a kai ba ruwansu da irin wannan kaya kuma a ƙasarmu babu wannan cinikin. Dokar makamai ta 1959 da har yau ake aiki da ita ta hana mutum riƙe harsashi in ba ya da lasisin bindigar da ake sa shi ciki, laifi ne na ɗauri. Mu nan ba sai an yi mana bayanin mi harsashi ke yi ba, mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari sun san shi a jikinsu, ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Abun da ya sa na kawo maganar Amurka shi ne tambayarsu da tawa ɗaya ce, kayan da zai iya kisa wa ya karɓa, babba ne ko yaro, mai shi ne ko wanda aka tarar a ƙofa. Su ƙofarsu wayam take ba kowa sai kwali, mu kuma zaurenmu ba ya rabo da yara, in ka tambaye ni namu ya fi hatsari. Kuma kayan da ke yawo a akwatin masu babura kullum ba wasa ba ne, maganin ciyawa, fiya-fiya, maganin ɓera, ruwan batir, magungunan asibiti. Ko hukumar NAFDAC sai da ta taƙaita sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni a 2019 saboda rayukan da ake rasawa.

Manajan nasu dai ya saurare ni, ban ga raini a fuskarsa ba. Ya biya kuɗin kwalbar da ta tsiyaye duk da na ce mai ba wannan ya kawo ni ba, ya tambayi lafiyar yara har sau biyu. Na roƙe shi kada ya kori yaron nan, dan in ka kore shi ka ɗauko wani ka ba shi saƙo ashirin a wuni kana biyansa bisa yawan abun da ya sauke ba kati a wayarsa, gobe ma hakan zai yi. Na ce ku riƙa tambayar mai kaya mi ke ciki tun wajen karɓar oda, in abu ne mai cutarwa ku ja masa jan layi a jiki, ku tura wa mai shi lamba a waya yadda banki ke yi, ba lamba ba sauke kaya, in ba a same shi ba a maida ofis ya zo da kansa ko ya biya kuɗin zuwa na biyu. Ni dai a shirye nake in ƙara ɗari biyar ko dubu a kan hakan kuma na san ba ni kaɗai ba.

Ya ce za su duba. Bayan sati biyu na sake gwada su da kayan da ba ya da hatsari, littattafan makarantar yara. Wannan karon an kira ni tun daga kan kwana, yaron ya jira na fito na sa hannu da kaina, amma maganar lamba da jan layi ban gani ba tukuna, na tambaye shi ya ce ba a fara ba.

Saboda haka tauraro uku nake ba su cikin biyar. Kayan sawa, takalma, littattafai, ku ba su ba fargaba. Maganin feshi na zagaye na biyu kuwa da ya iso makon jiya, ni na tai tasha da kaina na ɗaure shi a bayan mashin, ban ma biya da shi ta gida ba, gona na wuce da shi kai tsaye na kulle a ɗakin ajiya.