Jakar da muka tsara ni da wani baduku a Shiyar Madunka

Shekara 3 ina koyarwa a firamare, jakunkunan hannu huɗu na kashe. Duk na roba ne na kasuwa: hannu ya tsinke, zif ya biyo baya. Abokiyar aikina ce ta raka ni Shiyar Madunka, unguwar dukawa a Sakkwato, wurin wani dattijon baduku.

Na ɗauka zai nuna mini waɗanda ya rataye in zaɓa. Sai ya ce, "Malama, zazzage wannan tukuna, in ga abin da za ta ɗauka." Na zube rajistar aji, littafin shirya darasi, kwalin alli, waya da gorar ruwa bisa tabarma. Ya auna rajistar da igiya, ya tambaye ni da me nake zuwa makaranta. Na ce kabu-kabu. Nan take ya ce ashe doguwar maratayi nake buƙata, wadda za ta ratsa ƙirji, hannuwana su huta.

Da takardar buhun siminti ya fara yanka siffarta, ina gani ina gyarawa. Ya ɗinka ta gwaji da ragowar fata, ya ce in yi kwana 10 da ita. Na komo da ƙorafi biyu: aljihun waya ya yi zurfi, maratayin kuma yana cin kafaɗa. Bai musa ba, ya gyara. Wuri ɗaya muka ja. Na nace sai zif, ya ce, "Ɗiyata, ƙurar hunturu ba ta barin zif." Ya sa murfi da maɓallin fata. Hunturu ya zo ya wuce, gaskiyarsa.

Fatar jar akuyarmu ce ta Sakkwato, jimar bagaruwa, irin wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Kullum ƙara laushi take.

Inda raina ya ɓaci: alkawarin mako 2 ya zama 5, na yi sawu uku a banza. Sannan cikin zafin Afrilu, da zufa ta jiƙa maratayin, jan rinin ya zuba a farin hijabina, har yau bai fita ba. Da na faɗa masa ya ba ni haƙuri, ya yi wa maratayin shafi kyauta, kuma duk wadda ya ɗinka bayan tawa da shafin take fitowa.

Malamai uku a makarantarmu sun sa an yi musu. Ɗaya ta nemi ɗan aljihun jan biro a gefe, yanzu kowa yana samu. Tawa ce kaɗai ba ta da shi, ranar Asabar zan mayar masa ya ƙara.