Tayar ranfilat ko ta gama-gari: me ya kamata mai jif ya saya?

Mai BMW X5 ko X3 da ya sayo ta tokumbo yakan gane irin tayar da ke ƙafar motarsa ne ranar da ya je canza ta, mai shago ya faɗi kuɗi, ya ce a sake faɗa masa. Yawancin waɗannan motoci, tun daga X5 samfurin E70 na wajen 2007, daga masana'anta suke fitowa da ranfilat, wato tayar da aka ƙarfafa gefenta yadda ko iska ta fice gaba ɗaya za ta ci gaba da ɗaukar mota. Duba jikin tayar: RSC ko RFT ko ZP ko SSR ko ROF duk alamarta ce, ya danganta da kamfani, Bridgestone ko Michelin ko Continental ko Goodyear. Masu Mercedes su nemi MOE.

Amfaninta gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Idan ƙusa ta shige ta, za ka iya tafiyar kusan kilomita 80, muddin ba ka wuce gudun kilomita 80 a awa ba. Ga mai ɗauke da iyali da daddare, a wurin da tsayawa kanta haɗari ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma idan iska ta fice farat ɗaya ana cikin gudu, motar ba ta fizgar sitiyari kamar yadda take yi da tayar gama-gari.

To amma a yi lissafi. Daga Kaduna zuwa Kano ya haura kilomita 200. In taya ta sace a tsakiyar hanya, kilomita 80 za su kai ka gari, sai dai wane gari ne ke da ranfilat mai girman 285/45 R19 ajiye a shago? Mai facin bakin hanya kuwa, da ƙarafunansa na hannu, zai sha wuya kafin ya ɓamɓare ta daga rim saboda taurin gefenta, kuma a nan ake karce rim ko a karya na'urar auna iska da ke manne da bawul. Ƙari a kan haka, kamfanoni da dama ba sa yarda a yi mata faci bayan an taka ta babu iska, domin lalacewar tana ciki inda ido ba ya gani. An ƙera ta ne don ƙasashen da dila ke kusa kuma titi ke shimfiɗe. A kan ramukanmu, taurin nan naka ne: kowane gargada sai ka ji shi a ƙugu, gefen tayar ya yi kumburi, wani lokaci rim ya tsage, musamman mai inci 20.

Tayar gama-gari ta fi araha, ta fi sauƙin nauyi, ta fi laushi a hanya, ana samunta a kasuwa, kowane mai faci ya san ta. Tana hawa rim ɗin da ke motar ba tare da an canza komai ba. Wanda ya sauya zai lura sitiyari ya ɗan rage kaifi a kwana, tunda an saita shokazoba da taya mai tauri, amma yawancin direbobi sati ɗaya ya ishe su sabawa.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne safaya. Ɗaga shimfiɗar but ka gani: motoci da yawa masu ranfilat ba su da safaya, ba jak, ba sifanar kwance ƙafa. Wasu masu kujeru bakwai ma babu gurbin ajiye ta. Don haka in ka koma gama-gari, rarar kuɗin da ka samu ba taka ba ce tukuna, sai ka sayi waɗannan. Ƙaramar safaya ba ta cin wuri, amma ita ma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma sai an gwada ta a jikin motar an tabbatar ba ta gogar ƙarfen birki. Cikakkiyar taya da rim ɗinta ta fi dacewa da mai doguwar tafiya, ko da za ta cinye masa rabin but. Ɗan famfon lantarki da ruwan toshe huda suna maganin ƙusa kawai. Idan rami ya yaga gefe, ba su da abin yi.

Kada a gwama. Ranfilat biyu a gaba, gama-gari biyu a baya, wai a lallaɓa kafin kuɗi su zo, motar za ta riƙa kama hanya iri biyu. Kuma tsarin xDrive na BMW, wanda ke jan mota da ƙafafu huɗu, ba ya son bambancin zagayen taya. Idan sabuwa ta haɗu da wadda zanenta ya cinye, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya ne zai biya, gyaransa kuwa ya fi kuɗin taya huɗu ciwo. A canza duka lokaci guda, kamfani ɗaya, zane ɗaya.

Lambobin da ke takardar jikin ƙofar direba su ne hukunci, ba bakin mai shago ba. Wasu X5 gaba 255/50 R19 ce, baya ta fi faɗi. Lambar nauyi kada ta gaza ta asali: 107 na nufin kilo 975 a kowace taya, kuma galibi za ka ga XL a gefe, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi. A duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, su ne lokacin da aka ƙera ta, 2423 na nufin sati na 24 a 2023, domin tayar Beljiyam mai kyan zane tana iya zama tsohuwa, zafin Afrilu kuma ba ya ragawa tsohuwar roba. Bayan an ɗaura, a sake saita na'urar iska a allon mota.

Ra'ayina: mai zirga-zirga cikin Abuja ko Kano kawai, wanda ba ya iya canza taya ko ba ya son matarsa ta tsaya a hanya, kuma aljihunsa na ɗauka, ya zauna a kan ranfilat. Mai bin hanyar Gusau ko Maiduguri ko ƙauye duk ƙarshen wata, ya koma gama-gari mai kyau, ya sayi cikakkiyar safaya a rana ɗaya da tayoyin, kafin ya fita daga shagon.