Jitar da ta dace da mawaƙin da zai tsaya shi kaɗai

Mawaƙin da ya saba rera waƙa cikin ƙungiya, ganga da jitar lantarki suna rufa masa asiri, idan ya yanke shawarar fitar da kundinsa na farko da murya da jitar katako kawai, to duk wani aibin da ke jikin jitar zai fito fili a kunnen mai sauraro. Shi ya sa zaɓen jita ya fi zaɓen situdiyo muhimmanci.

A wurina, Yamaha F310 ce ta fi dacewa da mu mazauna Garwa da Marwa a arewacin Kamaru. Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, suna ba da amo mai kaifi wanda irin wannan waƙar ke bukata, kuma fuskarta falle-fallen katako ne da aka manne, ba allo guda ba. Masana kan raina irin wannan ƙira, amma jita tana son danshin iska kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali lokacin hunturu iskarmu kan bushe ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma mannannen katako ya fi jure wannan bushewar. Fender CD-60S mai allo guda ta fi daɗin murya, sai dai tana son kulawar da ba kowa zai iya ba ta ba daga Disamba zuwa Maris. Yamaha C40 kuwa, mai tsirkiyar lailon, ta ɗan koyo ce.

Babbar matsalar ita ce jabu, domin manna suna a kan jita abu ne mai sauƙi. Na ga wadda aka sayar wa wani ƙanena da babban suna a goshinta, kafin damina ta zagayo wuyanta ya lanƙwashe kamar baka. Ka leƙa cikin ramin jitar ka duba takarda da lambar ƙira, ka tabbata akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake ɗaurewa da ɗan mabuɗi. Ka danna kowace tsirkiya a gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne ƙananan ƙarafan da aka jera a wuyan jita), sautin ya zama daidai da na sakakkiyar tsirkiya amma a sama, tazarar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da gaɓar kuma kada ta wuce milimita 3. Ka shafa gefen wuyan, idan ƙarafan suna kartar yatsa, ka ajiye ta.

Mai kanti da ya hana ka buɗe kwali, ko ya ce kayan Duwala ne ba sai an gwada ba, ka yi masa sallama ka nufi kanti na gaba.