Kayan da za ka saya don bin hasken taurari masu tabo

Wasu taurari maganadisunsu na da ƙarfi har yana haifar musu da tabo masu duhu, irin na jikin rana amma manya ƙwarai. Idan tauraron ya juyo da gefensa mai tabo, haskensa ya dushe kaɗan, ya wuce ya dawo. Tauraron II Pegasi na gama juyi ɗaya cikin kwana 6.7, BY Draconis kuma kusan kwana 3.8. Ido ba zai auna sauyin nan daidai ba, sai da kyamara.

Mafi arha ita ce kyamarar DSLR a kan ƙafa uku. Ka ɗauki hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba, ka auna da koren hasken kaɗai. Ta isa ga tauraro mai haske kamar II Pegasi.

Seestar S50, na'urar hangen nesa mai kyamara ta kamfanin ZWO, mai madubi milimita 50, da kanta take nemo tauraro ta wayarka, batirinta kuma na cikinta, ko an ɗauke wuta aiki na tafiya. Sai dai tauraro mai haske sosai na iya cika mata hoto har awo ya lalace.

Wanda ya ɗauki abin da gaske, zaɓinsa kyamara baƙi da fari mai sanyaya kanta, da matacin haske Johnson V, gilashin da ke barin haske mai launin kore-kore kaɗai ya wuce, a kan mazauni mai bin tauraro. Tana da tsada, ga kwamfuta ga batiri, amma awonka na bana zai zauna daidai da na baɗi da na sauran masu lura, tabo kuwa shekaru ake yi ana bin sa. Idan walƙiyar tauraron UV Ceti ko AD Leonis kake nema, wadda ke tashi ta lafa cikin mintuna, ƙara matacin B na shuɗi, don a shuɗin haske ta fi fitowa.

A ganina kuɗi ya fara tafiya wajen mazauni, girman madubi ya biyo baya. Tauraron da ke zamewa a hoto ba ya ba da awo mai kyau.

Hazon hunturu ma na dusashe haske, don haka kullum ka gwada tauraronka da maƙwabcinsa marar sauyi a hoto ɗaya. Manhajar AstroImageJ na yin wannan kyauta, ƙungiyar AAVSO ta masu lura da taurari masu sauya haske da aka kafa a Amurka a 1911 kuma na karɓar sakamako daga ko'ina.