Ƙaramin injin makhrata ɗan Chaina: yana aiki, amma a fara duba sifindil

'Yan uwa masu aikin ƙarfe a nan Jidda sun dame ni da tambaya kan ƙaramin injin makhratar da na saya, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, irin wanda ake kira 7x14 (yana ɗaukar aiki har faɗin inci 7 da tsawon inci 14). Ga abin da na gani.

Jikinsa ba laifi. Yana cin wuta 220, bai da ƙara sosai, mutum biyu za su ɗauke shi. Ina yanka bushin tagulla da ƙananan sanduna na famfon ruwa da shi, kuma yana yi.

Inda maganar take shi ne sifindil, wato sandar nan mai rami da ke cikin kan injin, wadda ake ɗaura madamƙin ƙarfe a bakinta. Ita ke juya aikin, don haka in ta yi rawa ko kaɗan, duk abin da ka yanka sai ya fito da rawar. Ramin nata milimita 20 ne, sandar da ta fi haka kauri ba za ta ratsa ba, ka san da wannan kafin ka biya kuɗi. Bakinta MT3 ne, wato lambar girman bakin ramin, kayan da ke shiga ciki kuwa ba sa wuyar samu a Sina'iyya, unguwar masu garejin gyara da aikin ƙarfe.

Da na fara yanke baƙin ƙarfe sai injin ya riƙa karkarwa yana kuka, fuskar aikin ta fito da zane-zane kamar an bi ta da farce. Na kai wa wani dattijo Bahaushe, tsohon kharraɗi, wato mai aikin makhrata. Ya kafa agogon awo a bakin sifindil, ya sa hannu ya ɗan tura, allura ta motsa. Ya ce, "Yaro, sandarka lafiya lau, boris ne ba ya riƙe ta." Na ce, "Baba, sabo ne fa." Ya ce ai sabon ma ba don irin wannan nauyin aka yi shi ba.

Boris ɗin da ya zo da shi 6206 ne, mai ƙwallaye. Ya cire ya sa 30206, wanda ake ɗaure shi da noti har wasan ya mutu. Ramin duka biyun milimita 30 ne, amma sabon ya fi kauri da milimita ɗaya da 'yan kai, sai da ya rage zoben da ke tsakani. Ya gargaɗe ni kan ɗaurin: in ya yi yawa kan injin zai ɗau zafi, in ya yi sako-sako karkarwa ta dawo. Yanzu yanka yana fita sumul.

Giyoyin cikin kan na roba ne, ban so haka ba, ko da yake gara giya ta karye da moto ya ƙone. Danshin Jidda kuma ba ya raga wa ƙarfe, kullum in na tashi sai na shafa mai a bakin sifindil.

Mai koyo ko mai ƙananan ayyuka ya saya, ya ware kuɗin boris da na giris tun farko. Wanda zai riƙa yanka shaft ɗin mota ya nemi babba.